Akwatin Makarantar Tudu

Ana zazzage akwatin zaɓen makarantar tudu a kan tebur, Dinny Roche ya lashi bakin fensirinsa ya fara jan layi. Haka muke yi a nan. Kowace jam'iyya takan tsayar da mutum a bayan igiya yana leƙen takardu, kafin hukuma ta buɗe baki an san unguwar da ta riƙe amana da wadda ta ci.

Dinny ɗan aiken Kwamared Malachy Devanney ne, babban sakataren wata jam'iyyar gurguzu da mota ɗaya ke kwashe mambobinta har a samu sauran kujeru. Shekara ashirin da shida Malachy yana kan wannan muƙami. Sau bakwai ya tsaya takara, sau bakwai ya sha ƙasa, kuma kaf ƙasar Ailan babu wanda ya kai shi iya jawabin faɗuwa. Yakan sa ƙarti kuka. Daga nan sai a gayyace shi taro Mosko, ya dawo da tumbi da sababbin kalmomi.

Bana ne lissafi ya kwaɓe. Kamfani ya rufe ramin kwal, maza ɗari uku suka wayi gari ba aikin yi, haushi ya sa suka rantse sai sun kai Malachy kujerar kansila ko Fada, limamin cocinmu, zai mutu. Dinny ne ya kawo albishir, ya tarar ana cin dankali da kabeji.

"Kwamared, wannan karon taka ce."

Malachy ya ajiye cokali. "Sau nawa suke zama a majalisar?"

"Duk Litinin. Kwatami, ramukan titi, lasisin karnuka. Sannan jama'a su biyo ka gida da kokensu."

"Tarihi ya kira mu," in ji Malachy, ya ce a miƙo masa ruwa.

To, akwatin makarantar tudu ba ya ba kowa wahala. Mutum arba'in da uku ne, manoma, abin da Fada ya faɗa ran Lahadi shi suke yi ran Alhamis. Ƙuri'a biyu kawai 'yan gurguzu suka taɓa gani a ciki, ta Malachy da ta matarsa Breda, don gidansu a tudun yake. Dinny ya jira biyun nan kamar yadda ake jiran motar safe.

Ɗaya ya gani.

Da yamma aka faɗi sakamako. Abokin takararsa Hanrahan mai mashaya ɗari huɗu da sha biyu, Devanney ɗari huɗu da sha ɗaya. Sau uku aka sake ƙirgawa, ƙuri'ar nan ba ta haihu ba. Malachy ya hau kujera ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba, murya tangaran, fuska har sheƙi take.

Kafin gari ya waye kowa ya yanke hukunci. Ai Breda ba ta fashin coci, ita ke jera furanni a gaban bagade, kuma ana jibi zaɓe an ga keken Fada jingine a ƙofarta. Matan masu haƙar kwal suka daina amsa gaisuwarta. A kantin nama layi ya dare mata, ba don girmamawa ba. Ni dai ta ba ni tausayi, matar da ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa juyin juya hali shayi.

Kwamiti ya zauna ran Asabar don a kore ta daga jam'iyya. A falonta aka zauna, ana cin burodin da ta gasa.

"Misis Devanney," in ji Dinny, idonsa jajur, "maza ɗari uku kika sayar don a shafa miki ruwan coci. Ki faɗa da bakinki."

Breda ta dubi mijinta. Ta daɗe tana dubansa.

Malachy ya miƙe ya riƙe wuyan kwat. Ya ce ba a hukunta mutum kan duhun da aka rene shi a ciki. Ya ce jam'iyya uwa ce. Ya ce shi da abin ya fi shafa ya yafe, saura su. Aka tafa, wani tsoho ya share hawaye, aka tsaya a kan gargaɗi kawai. Malachy ya ƙara burodi har yanka uku.

Da baƙi suka watse ya same ta a kicin tana wanke kofuna. Ya dafa kafaɗarta irin ta manyan mutane.

"Ya wuce, Breda. Ba zan sake tayar da maganar ba."

"Gara kam kar ka tayar," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Ƙuri'ar nan guda ɗaya da aka samu a akwatin tawa ce."