Rubutun da ke Kuncina

Ranar sunan ƙanena, da la'asar, Baba ya mayar da wanzami tun daga bakin ƙofa, askarsa na cikin zabira. Farkon mulkin kai ne, Baba bai daɗe da dawowa daga Yamai ba.

Na ji yana ce wa Kaka, mahaifiyarsa: "Inna, wannan yaro ba za a tsaga shi ba. Can birni dariya suke yi muna, wai mun ɓata fuska."

Ni kuwa ina da tsagen Arawa, daga gefen baki har kunne. Sai na kasa zama. Na leƙa randa na dubi fuskata, na fita, na dawo na sake leƙawa. Daga baya na tsuguna gaban Kaka tana dakan daddawa.

"Kaka, ashe ni mummuna ne?"

Ta ajiye taɓarya, ta bi tsagen da yatsa a hankali, yadda Malam ke bin baƙi a allona. Hannunta na warin daddawa.

"Ja'iri, in ji wa? Rubutu ne. Wanda bai iya karanta shi ba, shi ke dariya."

"To, jinjirin fa?"

Ta daɗe tana kallon ɗakin mai jego. "Allo ne wankakke. Yana da kyau, ba ni ɓoye maka. Ban dai san abin da zan karanta ba."

Yau jikokina fuskokinsu sumul, alhamdu lillahi, kuma kyawunsu nake gani. Amma idan ƙaramarsu ta taɓa kuncina ta ce, "Wa ya ji maka ciwo?" sai in ji warin daddawa, in rasa da idon wa zan dubi kaina.