Wanzami da Man Kanumfari

Ka ce cinikin maƙwabcinka ya tsaya maka a rai? To gyara zama ka ji. A wani gari an yi wani wanzami da ya gaji maganin ƙazuwa tun kaka da kakanni, ƙaiƙayin nan da ƙananan ƙwari ke haddasawa a cikin fata. Sai wata bazawara ta tare a unguwarsu da tukunyarta. Takan dafa kanumfari a rufe, ta bi da tururin ta bututu har ya huce, ta tace ɗan man da ya fito. Duk wanda ta shafa wa, kafin kasuwa ta zagayo ya daina susa. Ƙofar wanzami ta koma makwancin awaki. Hassada ta ci shi ta hana shi sakat, in aka yabi matar a majalisa sai ya tsuke baki kamar ya tauna maɗaci. Ga shi kuma ƙazuwar ta kama shi tsakanin yatsu, maganinsa na gado ya kasa, yana ta ɓoyon hannu a riga, don ya gwammace ya mutu da susa da a gan shi ƙofar mace yana tambaya. Sai ya shiga leƙe ta katanga har ya haddace tukunya da bututu. Abin da bai gani ba shi ne cikin ɗaki, inda take ɗiga ɗigo kaɗan a ƙwarya cike da man kaɗanya ta gauraya.

Da ya haɗa nasa ya ji ya fi nata ƙamshi nesa ba kusa ba, sai ya ce ashe ma ba ta iya ba. Ya sa aka yi shela har ƙauyuka cewa ga na ainihi, a bar na wance. Ranar kasuwa masu susa suka cika ƙofarsa, da yawansu ba su taɓa jin labarin matar ba. Don ya burge, ya fito da hannayensa ya kwarara musu man tsantsa a gaban jama'a. Kan ka ce me, fata ta yi jajur ta tashi bororo, gogan naka na yarfe hannu yana neman randa. Wani dattijo ya ce, "Jama'a, ina gidan matar da yake kushewa?" Aka ɗunguma can, wanzami na biye da hannaye a sama. Ta shafa masa man kaɗanya. Baƙin da ya tara da bakinsa kuwa, su suka kai sunanta garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.