Gyaran da na yi wa Baba

Ina da shekara takwas, muna zaune a unguwar Misfala, kusa da Masallacin Harami. Baba yana sake cika wa maharban ƙauye kwanson harsashi da albarushi, Inna kuma tana sayar da gero. Wurinta na koyi awo: a cika mudu har yana zuba, a ƙara gyara.

Wata rana bayan la'asar ya zaunar da ni gabansa. Ya ɗebo albarushi da ɗan ma'auninsa na tagulla, ya shafe bakin da gashin kaza, ya juye a kwanso. Har yau ina jin warin nan.

Na ce, "Baba, rowa kake yi. Inna ba ta shafe mudu."

Ya yi dariya. "Ya waladi, ɗana, geron uwarka ba ya tashi da mutum. Wannan a shafe ake ba shi, ko ƙwaya kada ta ƙaru."

Maƙwabci ya yi sallama, Baba ya fita. Na dubi kwanso uku da bai rufe ba, na ji kunyar a ce ubana marowaci ne. Na ƙara wa kowanne gyara.

Baba ba ya ba maharbi abin da bai gwada ba. Washegari ya fita da bindiga bayan iyakar Harami don gwaji, ya dawo babu manuniyarsa ta dama. Ya ce wa Inna idonsa ne ya fara tsufa.

Shekara ashirin ina salla a gefensa, ina ganin dungun yana motsi a tahiya. Har muka binne shi ban faɗa masa ba.