Muryar Jirgin Alheri

Tun da Tafkin Chadi ya sake cika aka kafa doka: duk wanda ya haɗa wa jirgin ruwa wayoyin lantarki, da muryarsa jirgin zai riƙa yi wa fasinjoji magana. Shi ya sa Tanimu, mai haɗa wayoyin jirage, ya koma ciniki da nuni, kamar bebe.

Ran Talata, a kasuwar Baga, bakinsa ya suɓuce. "Iya, nawa bandar nan?"

Tsohuwar mai kifin ta saki wuƙarta. "Kai ne muryar jirgin Alheri!"

Shi kaɗai ya san wayar ƙararrawar gobara da ya bari a sake, yana saurin zuwa sunan ɗansa, wai sai washegari zai ɗaure ta.

"Ina ciki ranar da ya kama da wuta," in ji ta. "Jikata Yagana ba ta fito ba. Amma ba ta tsorata ba, ɗana. Har hayaƙi ya rufe mu kana cewa, 'Komai lafiya, kowa ya zauna.' Ita kuwa ta zauna."

Ta naɗe kifin, ta ƙara masa biyu gyara.

"Don Allah sake faɗa mini. Shi ne abin da ta ji na ƙarshe."

Tanimu ya dube ta, ya ce:

"Komai lafiya, Iya."