Bokiti a Bakin Dogo

Kun yi ta tafa wa sabon jirgin dizal, amma kun kau da kai daga bakin dogo.

Shekara da shekaru wani dattijo, mai zuba wa jirgi kwal, yana ciyar da tsohon injin kwal. Kullum a wata kwanar dogo a Ohio ta Amurka sai ya watsar da kwal shebur guda, wata tsohuwa ta tsinta ta hura wuta. Yau ga ta cikin ƙanƙara da bokitinta, sabon jirgin da yake ciki kuwa babu kwal.

"Dattijo, budurwarka ta fito," in ji direba. "Yau dizal za ka tsiyaya mata?"

Dattijon ya tuɓe rigar sanyinsa, ya wurga mata ta taga.

Rigar nan ita kaɗai gare shi, sanyi kuwa yanzu ya fara. Ku masu tafi, ku tashi ku cika bokitin nan.