Iyaka ta Biyu

"Inna, taso ki kunyata mana matasan nan," in ji malamin ajin manya, yana miƙo min alli.

Tambayar ita ce: yaro na shan magani sau uku a rana, jimlar cokulan yini kada ta gaza shida, kada ta wuce tara. Na rubuta 6 ≤ 3x ≤ 9, na raba da uku. Cokali biyu zuwa uku kowane sha.

Aji ya ɗauki tafi. Na kasa juyowa.

Lokacin zazzaɓin autana, Allah ya jiƙansa, iyakar farko kawai, wato kada maganin ya gaza, na riƙe daga bakin likita. Ta biyun, wato kada ya wuce, tana rubuce jikin kwalba, ni kuwa ban iya karatu ba. Na yi ta ƙara masa, don ya warke da wuri.