Gambar da Take Tafiya

Layin ya ƙi rufewa. Asama'u ta sake danna manhajar zanen fili, kusurwar arewa ta gonar Malam Sabo ta sake fitowa a karkace, kamar hular da aka sa cikin gaggawa.

Shekarar da aka cire tallafin mai ce. Taki ya gagari talaka, kuma masu bayar da shi rance ba sa sauraron wanda ba shi da takardar gona. Shi ya sa Tasi'u, babban ɗan Malam Sabo, ya zo ofishinta na safiyo, wato awon filaye, a Ɗanbatta, ya ce a auna gonar babansu a kafa mata turakun siminti.

A ƙauyensu gamba ce iyaka. Ana dasa ta jere tsakanin gona da gona, kowa ya san nasa. Asama'u ta bi jerin da na'urar awo, ta ɗauki ɗigo-ɗigo, ta haɗa su da koren layi. Don tabbatarwa ta ɗora zanen a kan wani tsohon hoton tauraron ɗan'adam, ta bi gambar wancan lokaci da jan layi. Nan ta ga abin. Gambar ta yi tafiya. Ta shigo cikin gonar Malam Sabo har kunyoyi da dama, gonar maƙwabciyarsa Hure kuwa ta yi ƙiba.

Tasi'u ya buga tebur don murna. "Wallahi na faɗa! Da idona na ga Hure da sassafe tana tonon gamba."

Hure tsohuwa ce, mijinta abokin Malam Sabo ne tun na yarinta, ya rasu ya bar ta da jikoki marayu da 'yar gona kamar tabarma. Duk garin an san ba ta karɓar ko ƙwayar gero daga hannun kowa. An taɓa kai mata zakka, ta sa aka mayar har da kwanon. Tasi'u ya ce to, ba ta karɓa da hannu, da fartanya take ɗauka. Ranar Juma'a zai kai zanen gaban dagaci, a kira ta ɓarauniyar iyaka a gaban jikokinta.

Asama'u ba ta so hakan ba. Ta hau acaɓa ta koma ƙauyen, ta tarar da Hure tana kankare laka daga fartanya.

"Inna, an ce kina tonon gamba."

"Na tona. In an yi ruwa gobe ma zan tona."

"Me ya sa?"

"Ke aikinki zane ko shari'a?" Hure ta miƙa mata gyaɗa cikin faifai, ta ci gaba da kankara.

Malam Sabo kuwa bai nuna ɓacin rai ko kaɗan ba. Yana zaune gindin ɗorawa yana shafa man kaɗanya a tafukan hannunsa da suka sha yanka, ya kalli layukan biyu a kwamfuta kamar mai kallon tashe. Jan layi bai dame shi ba. Ya ce shi dai iyaka ita ce inda gamba take ranar da aka kafa turke, haka ya gada. Tambaya ɗaya ya yi, kuma sau biyu ya yi ta.

"Wannan simintin, 'yar nan, in ya bushe, mace za ta iya tumɓuke shi?"

"Ko ƙato sai da diga, Baba."

"Alhamdulillahi," in ji shi, har da dariya.

Asama'u ta koma ofis ta zauna da layukanta. In ta zana ja, an yi wa Malam Sabo adalci, an tozarta tsohuwa. In ta zana kore, ta sa hannu a kan cuta. Ga kuma kusurwar arewa da ta ƙi zama: awon da ta yi ranar farko daban, wanda ta maimaita jiya daban, alhali na'urar lafiyarta ƙalau. Manhaja ba ta san kunya ba, ba ta san maƙwabtaka ba, tana ta nuna mata cewa ɗigo biyu ba su haɗu ba.

Daren Laraba aka kwana ana ruwa. Asama'u ta tuna maganar Hure, ta yi sammako bayan sallar asuba, ta ce ko ba komai ta riga tsohuwar zuwa, ta roƙe ta ta daina kafin maganar ta kai ga dagaci.

Ƙasa ta yi laushi, gero ya fara kai gwiwa. Tun daga nesa ta hango mutum a durƙushe a kusurwar arewa. Ya tumɓuke tushen gamba guda, ya rungume shi da laka da komai, ya taka kunya ɗaya, ya taka ta biyu zuwa cikin gonar Malam Sabo, ya dasa, ya danne da diddige. Ta matsa a hankali, tana shirya kalaman da ba za su yi wa dattijuwa zafi ba.

Mai dashen ya ɗago. Gemunsa fari ne, hannunsa na jini kaɗan inda ganyen gamba ya yanke shi.

"Yauwa, 'yar nan, Allah ne ya kawo ki," in ji Malam Sabo cikin raɗa, yana waige wajen gidan Hure. "Maza auna nan ki kafa siminti kafin ta fito. Tun rasuwar mijinta nake fama, in na tura mata kunya biyu sai matar nan ta biyo sawuna ta maido mini da ɗaya!"